Daidaito da Adalci: Inda Ɗaukar Ɓangare Yake Ɓuya a Hausar Labarai

1.0 Gabatarwa

Da wuya a zauna a majalisar da ake sauraron labarai a ƙasar Hausa, ko ta teburin mai shayi ce ko ta ƙofar gida bayan sallar isha'i, a tashi ba a tuhumi wata kafar watsa labarai da ɗaukar ɓangare ba. Wannan ya ce ma'aikatan gidan rediyon kaza 'yan amshin shatan gwamnati ne, wancan ya ce jaridar kaza karen farautar 'yan adawa ce. Su kuwa 'yan jarida amsarsu kusan kullum ɗaya ce: sun ji ta bakin kowane ɓangare, sun ba kowa dama ya faɗi albarkacin bakinsa, saboda haka babu wanda suka zalunta. Abin lura shi ne, sau da yawa mai ƙorafin da gaske yake, wanda ake yi wa ƙorafin kuma ba ƙarya yake yi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mutanen nan biyu ba da mudu ɗaya suke awo ba. Ɗan jarida yana awo da mudun daidaito, wato yawan muryoyin da aka sa a labari da tsawon lokacin da aka ba kowace murya. Mai sauraro kuwa yana awo da mudun adalci, wato yadda aka ambaci mutum, da irin nauyin da aka ba maganarsa, da wanda aka ɗora wa laifi da wanda aka sauke wa. Shi wannan mudu na biyu a cikin harshe yake aiki, a cikin 'yan ƙananan kalmomi irin su “wai” da “an” da “iƙirari”, waɗanda ƙa'idar jin ta bakin kowane ɓangare ba ta ko taɓa su. Jimlolin da aka ba lamba a nan ƙirƙirarru ne domin kwatance, amma an gina su bisa sigar da duk mai sauraron labaran Hausa ya saba ji.

2.0 Mai gida da muryarsa

Kafin a shiga batun harshe ya kamata a kawar da wani nau'in karkata wanda ba ya ɓuya, wato wanda ya samo asali daga mamallakin kafar. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, a ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta R. M. East ke shugabanta, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta na Hausa. Jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma ba ta cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ta zama bakin Ingila a ƙasar Hausa. Ba wanda ya nemi ta da ta ji ta bakin Hitila. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, aka kafa NEPU a 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai Gaskiya ta kasance a gefen masu mulkin Jihar Arewa, 'yan NEPU suka riƙa neman mafaka a jaridar Daily Comet da ake bugawa a Kano. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga watan Janairu, 1966, duk gwamnatin Arewa ce ta kafa su domin su faɗi ra'ayin Arewa yadda ita ta fahimce shi.

Jamhuriya ta Biyu ita ce ta fi fito da wannan al'amari fili. Gwamnatin soja ta riga ta karɓe New Nigerian a 1975, ta tattara gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA, ta kuma mai da Rediyon Kaduna wani reshe na gidan rediyon tarayya. Saboda haka da aka koma mulkin farar hula a 1979, jam'iyyar NPN ta gaji waɗannan kafafe duka, alhali jihohin Kano da Kaduna suna hannun PRP. Amsar da gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta bayar ita ce ta kafa nata: kamfanin jaridar Triumph a 1980, wanda ya riƙa fitar da Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami, sannan gidan talabijin na CTV 67. A tarzomar ranar 10 ga watan Yuli, 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, Rediyon Kano da ofishin Triumph suna cikin wuraren da aka far wa. Masu tarzomar ba su ɗauke su kafafen labarai ba, sun ɗauke su gaɓoɓin gwamnatin da suke fushi da ita.

Irin wannan karkata, duk da muninta, ita ce mai sauƙin magani. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai sauraro Bahaushe ya san wannan sarai. Yakan rage wani abu daga labarin gidan rediyon gwamnati kamar yadda mai ciniki ke rage kuɗin da aka fara sa masa, sannan ya murɗa akwatinsa ya nemi tashar waje ya gwada. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007. Su ma kowannensu da uban gidansa, sai dai uban gidan ba ya takarar gwamnan Kano, wannan kuwa ya isa ya jawo musu amincewar da na gida ba su samu ba.

3.0 Laifi tudu ne

Akwai kuma wani kaso na ƙorafin da a kunnen mai sauraro yake tasowa. A 1985 wasu masana halayyar ɗan'adam uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun tara ɗalibai masu goyon bayan Isra'ila da masu goyon bayan Larabawa, suka nuna musu rahotannin talabijin iri ɗaya a kan kisan kiyashin da aka yi a sansanonin Sabra da Shatila na birnin Beirut a 1982. Kowane rukuni ya tashi yana mai imanin cewa rahotannin sun karkata ne ga abokan gabansa. Wato mutumin da ya riga ya ɗauki ɓangare yakan ga labarin tsaka-tsaki a matsayin hari, domin shi a wurinsa tsakiyar tana daidai inda yake tsaye.

'Yan jarida na son wannan bincike ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne. Daga gare shi ne ake samun hujjar nan da ake yawan ji a ɗakunan labarai, cewa tun da gwamnati na zagin su 'yan adawa ma na zagin su, to lalle a kan daidai suke. Hujjar ba ta da ƙarfin da ake zato. Mai awon da ke tauye mudu ga mai saye da mai sayarwa shi ma ta kowane gefe zai sha zagi. Binciken ya tabbatar da cewa ƙorafi kaɗai ba shaida ba ce ta karkata. Bai ce duk inda ƙorafi ya zo ta fuska biyu babu karkata ba. Dole dai a koma ga matanin labarin a duba.

4.0 Aikatau masu gabatar da zance

Mafi yawan labarin siyasa ruwayar magana ce: wane ya faɗi kaza, wane ya mayar masa da kaza. Saboda haka aikatau da ake gabatar da zance da shi yana ɗauke da nauyin da ya wuce girmansa. A dubi waɗannan jimloli:

(1) a. Gwamna ya tabbatar da cewa an biya malamai albashinsu.
b. Gwamna ya bayyana cewa an biya malamai albashinsu.
c. Gwamna ya ce an biya malamai albashinsu.
d. Gwamna ya yi iƙirarin cewa an biya malamai albashinsu.
e. Gwamna ya ce wai an biya malamai albashinsu.

Maganar gwamna ɗaya ce a duka biyar ɗin, amma matsayin mai ba da labari yana sauyawa daga mataki zuwa mataki. A (1a) ya sa hannu a kan maganar, domin ba a tabbatar da abin da babu shi. A (1b) ma haka ne, ko da yake a sassauce, domin abin da ake bayyanawa shi ne abin da ke nan a ɓoye. A (1c) kaɗai ya tsaya a gefe. A (1d) ya ja da baya, a (1e) kuwa ya taɓe baki. Idan aka haɗa ɓangarori biyu a jimla ɗaya sai abin ya ƙara fitowa:

(2) a. Gwamna ya tabbatar da cewa an biya albashi, sai dai 'yan adawa sun yi zargin cewa ba a biya ba.
b. 'Yan adawa sun bankaɗo cewa ba a biya albashi ba, ko da yake gwamna ya yi iƙirarin cewa an biya.

Kowace daga cikin jimlolin nan ta cika ƙa'idar daidaito: murya biyu, tsawo kusan ɗaya. Editan da ya duba su da idon ƙa'ida ba zai ga aibu ba. Amma kowace ta riga ta yanke hukunci, kuma malamin makarantar da ke jiran albashinsa zai ji hukuncin tun kafin mai karatu ya kai aya.

Kalmar “iƙirari” ta cancanci a dakata a kanta, domin tarihinta yana nuna yadda fassara ke juya ma'ana. Daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma a zauren alƙali ma'anarta ita ce mutum ya amsa abin da ake tuhumarsa da shi, ko ya yarda cewa ana bin sa bashi. Magana ce da mutum ke yi a kan kansa, shi ya sa ta fi kowace shaida ƙarfi. Abin da mai ƙara ke zuwa da shi, wanda ke jiran hujja, sunansa “da'awa”. Amma a Hausar labarai, wadda mafi yawanta tun fil'azal fassara ce daga rahotannin Ingilishi, an ɗauki “iƙirari” an aza ta a gurbin kalmar Ingilishi mai nufin maganar da ba a tabbatar ba. Sai ga kalmar da ke nufin mafi ƙarfin shaida a kotu ta koma alamar mafi raunin zance a rediyo. Ba a nan gizo ke saƙa ba, domin harshe yana da 'yancin sauya ma'ana. Inda yake saƙar shi ne wajen rabon kalmar: wa ake cewa ya yi iƙirari, wa kuma ake cewa ya bayyana? Wanda ya saurari gidan rediyon jiha na mako guda yana riƙe da alƙalami zai ga cewa gwamna da kwamishinoninsa ba safai suke yin iƙirari ba. Su bayyanawa suke yi, su jaddada, su yi kira, su ja hankali. Iƙirari da zargi da kokawa rabon waɗanda ba su da mulki ne.

Ita ma “zargi” akwai abin faɗa a kanta. An shigo da “wanda ake zargi” ne domin a kare mutumin da kotu ba ta kama da laifi ba, a kuma kare jaridar daga ƙarar ɓata suna. Sai dai a Hausar yau da kullum zargi ya fi kusa da ɗora laifi. Idan aka ce wane ya yi abin zargi, ba ana nufin ana kan bincike ba ne. Don haka garkuwar da lauya ke ganin ta rufe wanda ake tuhuma, a kunnen mai sauraro tabo ce da aka riga aka shafa masa.

“Wai” kuwa ta fi su duka kaifi. Aikinta na asali shi ne ta nuna cewa mai magana ji ya yi bai gani ba, kuma ta wannan fuska ita ce kalmar da ta fi dacewa da aikin jarida, tun da ɗan jarida mai ruwaya ne. Amma ba ta tsaya nan ba, tana ɗauke da shakka, wani lokaci har da ba'a, gwargwadon yadda aka furta ta. A rubuce ana iya jayayya a kan nufinta. A rediyo kuwa ɗan jan da mai karatu zai yi mata, ko ɗan shirun da zai yi bayanta, ya isa ya rushe jawabin minti goma. Babu wata ƙa'idar aiki da ke auna wannan, kuma ba ya fitowa a rubutaccen labarin da za a kai wa hukuma in an yi ƙorafi.

5.0 “An” da ɓacewar aikau

Hausa tana da hanya mai sauƙi ta faɗin aiki ba tare da an ambaci mai aikin ba, wato wakilin sunan nan “an” da 'yan'uwansa “aka” da “ana” da “za a”. Ga kuma aikatau irin su “mutu” da “auku” da “ɓarke”, waɗanda ba sa ɗaukar karɓau, suna mai da abin da wani ya aikata ya zama kamar abin da ya faɗo daga sama.

(3) a. 'Yan sanda sun harbe mutum uku a wurin zanga-zanga.
b. An harbe mutum uku a wurin zanga-zanga.
c. Mutum uku sun rasa rayukansu a wurin zanga-zanga.
d. Rikici ya ɓarke a wurin zanga-zanga, inda aka samu asarar rayuka.

Babu ƙarya ko ɗaya a nan. Amma daga (3a) zuwa (3d) mai harbi ya ɓace, sannan harbin ya ɓace, daga ƙarshe su kansu matattun suka narke a cikin “asarar rayuka”. A (3c) ma har nahawu ya mai da su aikau, kamar su ne suka yi sakaci da rayukan suka ɓata.

Ba za a yi wa 'yan jarida adalci ba idan ba a faɗi inda wannan ɗabi'a ta samo ƙarfi ba. Shekarun mulkin soja sun koya wa ɗakunan labarai cewa ambaton aikau yana da tsada. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta tanadi hukunci a kan labarin da ya kunyata jami'in gwamnati, kuma a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda. A irin wannan yanayi “an” mafaka ce. Sai dai mafakar ta daɗe har ta zama ɗaki, aka ci gaba da kwana a cikinta bayan ruwan ya ɗauke, har sabon ma'aikaci ya ɗauka cewa haka Hausar labarai take.

Misalai biyu na zahiri sun isa su nuna abin da ke cikin wannan. A watan Disamba na 2015 sojoji sun far wa mabiya Harkar Musulunci ta Shaikh Ibrahim Zakzaky a Zariya, bayan an tare wa ayarin babban hafsan sojan ƙasa hanya. Kalmomin da suka fi yawo a lokacin su ne “rikici” da “arangama”. Arangama kuwa a Hausa karo ne na ƙarfi biyu masu kusan kai ɗaya. A 2016 jami'an gwamnatin Jihar Kaduna da kansu sun shaida wa hukumar binciken da aka kafa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya, a ɓangaren soja kuma mutum ɗaya ne ya mutu. Mutum yana iya ƙin aƙidar wannan ƙungiya, yana iya ganin laifinta wajen tare hanya, amma kalmar da ta daidaita 347 da 1 ta ɗauki ɓangare, ko da mai faɗinta yana ganin gudun ɗaukar ɓangaren yake yi. Na biyu shi ne na Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi ranar 3 ga watan Disamba, 2023, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. A nan rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, ta ce kuskure ne. Bayan wannan amsawa, duk labarin da ya ci gaba da cewa “harin da aka kai” ba tare da aikau ba, ya fi ita kanta rundunar kāre rundunar.

Ko mutuwar ma ba da kalma ɗaya ake faɗinta ba. Na gida “rasuwa” yake yi, ko ya “kwanta dama”, ko ya “riga mu gidan gaskiya”. Na waje “mutuwa” yake yi. Abokin gaba kuwa “hallaka” shi ake yi, ko a “sheƙe” shi. Wannan tsani na ladabi yana cikin kyawun Hausa, amma ya sa mai ba da labari ba shi da matakin da zai taka wanda ba ya nuna kusanci ko nisa.

6.0 Suna da laƙabi

Tun daga kalmar “adawa” matsalar take farawa. Ita ma Balarabiya ce, asalin ma'anarta kuwa ƙiyayya da gaba. A tsarin da aka aro daga Ingila, jam'iyyar da ba ta kan mulki tana da gurbi sananne a majalisa, aikinta ne ta sa ido. Da aka kira ta “'yan adawa” sai aka saka ta a sahun maƙiya tun kafin ta buɗe baki. “Hamayya” ta fi sauƙi, domin abokin hamayya aboki ne ko ba komai, amma “adawa” ce ta fi kama bakin mutane. Haka nan da PRP ta dare biyu a farkon shekarun 1980, sunayen da suka bi ɓangarorin su ne “santsi” ga na su Rimi da “taɓo” ga na Malam Aminu Kano. Kowane suna da habaici a cikinsa, ɗaya ya zame, ɗaya ya maƙale, kuma ɗan jaridar da ke son a gane wa yake nufi ba shi da wasu sunayen da zai kama.

A 'yan shekarun nan mutanen da ke kai hare-hare a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato sun sha suna iri-iri: ɓarayin shanu, 'yan fashin daji, 'yan bindiga, 'yan ta'adda. Kowane suna da maganin da yake nunawa. Ɓarawo na ɗan sanda ne, ɗan bindiga ana iya zama da shi a yi sulhu, ɗan ta'adda kuwa na soja ne. Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a watan Nuwamba na 2021, amma “'yan bindiga” ba ta bar bakin kafafe da yawa ba. Mai goyon bayan sulhu da mai ƙin sa kowanne yana jin matsayin kafar a cikin sunan da ta zaɓa, ko da ita sabo kawai ta bi.

A Jamhuriyar Nijar abin ya wuce ƙorafi. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli, 2023, tambayar ita ce yadda za a kira Janar Abdurrahman Tiani da Mohamed Bazoum: “jagoran juyin mulki” ko “shugaban ƙasa”, “hamɓararren shugaba” ko “zaɓaɓɓen shugaba” ko “tsohon shugaba”. Kowace amsa tana nuna ko an karɓi abin da ya faru ko ba a karɓa ba. Hukumomin soja sun katse Rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Tashoshin da aka daɗe ana gudu zuwa gare su domin ba su da ɗan takara, yanzu su ake kallo a matsayin masu ɗan takara.

Misalin da ya fi kowanne armashi ga mai nazarin harshe shi ne na sarautar Kano. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sauke Muhammadu Sanusi na Biyu ranar 9 ga watan Maris, 2020, ta naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar masarautu ta mayar da Sanusi, shi kuwa Aminu ya sauka a gidan sarki na Nassarawa, magana ta tafi kotu. Duk ɗan jaridar da ya ce “Sarkin Kano” ya tsaya, to ya yanke shari'ar da ke gaban alƙalai. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce ƙirga: “Sarkin Kano na 15” da “Sarkin Kano na 16”. Dabara ce mai kyau, kuma shaida ce cewa 'yan jarida sun san nauyin suna idan wuta ta matso kusa. Amma ko lissafin bai kuɓuta ba, domin ba a samun na 16 sai na 15 ya kau, kuma masu goyon bayan Aminu ba su kasa lura da haka ba.

Sauran laƙabi ma haka. Gidan rediyon jiha yakan jero “Mai Girma Gwamna, Alhaji Dokta Wane”, ya zo kan abokin takararsa ya kira sunansa gatsal. Tashoshin waje sukan sauke wa kowa laƙabi domin a zama ɗaya, bisa al'adar Turawa. A al'ummar da yaro ba ya kiran sunan babba kai tsaye, wannan daidaitawa ma tana iya zama raini a kunnen masoyan wanda aka sauke wa.

7.0 Iyakar daidaito

Tun da aka ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da dokar 1992, wadda ta kafa hukumar NBC, aka kuma buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, wasu suka biyo baya, muryoyi sun yawaita ƙwarai, kuma wannan ci gaba ne da ba a musunsa. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta tanadi a raba wa jam'iyyu lokaci daidai wa daida. Sai dai lokaci abin sayarwa ne, kuma daga nan sana'ar sojojin baka ta bunƙasa, wato mutanen da ake ɗauka su shiga rediyo su yabi uban gida su sari abokin hamayyarsa. Idan sojan bakan wannan ya yi minti biyar, na wancan ya yi minti biyar, mudun daidaito ya cika har ya yi tozo, mai sauraro kuwa ya tashi bai ƙaru da sanin komai ba sai sabon habaici.

Akwai kuma jimlar nan da ta zama hatimin rufe rahoto: duk ƙoƙarin jin ta bakin wane ya ci tura. Ita ce shaidar da ɗan jarida ke ajiyewa cewa ya bi ƙa'ida. Ba ta faɗin ko kwana uku aka yi ana neman mutumin, ko kuwa waya ɗaya aka buga saura minti goma a shiga ɗakin watsa shiri. Bahaushe kuma ya ce shiru ma magana ce, don haka abin da mai sauraro ke ji shi ne wane ya ɓuya domin ba shi da ta cewa.

Ƙa'idar sauraron ɓangare biyu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littattafan hukunci da alƙalai ke karantawa, irin su Tuhfa ta Ibn Asim, sun wajabta daidaita masu husuma a gaban alƙali. Amma alƙali ba ya sallamar zama da zarar kowa ya faɗi tasa, sai ya nemi shaida. Mai sauraron da ya tashi da wannan fahimta yana ganin aikin ɗan jarida rabi ne idan ya tsaya a kan wane ya ce, wane ya musa. Gaskiya ne akwai batutuwan da ra'ayi ne zalla, kamar wace jam'iyya ta fi cancanta, kuma a nan ba a neman hukunci daga ɗan jarida. Maganar albashi ta jimla ta (2) ba ta cikinsu. Ko an biya ko ba a biya ba, kuma makarantar firamare mafi kusa da gidan rediyon tana da malaman da za a tambaya. Wakilin da ya je ya tambaya ya sami ikon cewa “ya tabbata” da bakinsa. Wanda bai je ba, “ya ce” ne kaɗai halalinsa, ga gwamna da ɗan hamayya baki ɗaya.

Ga ɗalibin da ke neman abin bincike, tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da na Albishir suna nan a ɗakunan karatu na Kaduna da Zariya da Kano. Yana iya ɗaukar makonnin da suka kewaye tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ranar 23 ga watan Yuni, 1981, ya ajiye sharhin edita a gefe, ya bi labaran kawai yana ƙirga wanda aka ce ya bayyana da wanda aka ce ya yi iƙirari, da wuraren da “an” ta tsaya a gurbin suna, a kowace daga cikin jaridun biyu.